Shugaban Aro

Auta ta sake jan maɓallin zuwa dama kaɗan, ta saki, ta jingina da kujera tana hararar sa. Maɓalli ne guda ɗaya tal a shafin intanet, an rubuta masa "Saya yanzu", amma tun da gari ya waye da shi take fama. Matar mai shagon takalma ta turo saƙon murya cewa jan launin nasa ya yi yawa. Da aka rage, ta ce ya koɗe. Yanzu kuma wai so take a yi mata ja mai natsuwa. Ja mai natsuwa! Auta ta ja tsaki ta ce, "Allah ya ƙara mana haƙuri."

Aikinta ke nan, zana wa mutane shafukan intanet, a ɗakin da yayarta ta bari da ta yi aure. Tebur ɗaya a jikin taga, kujerar da ta cika da matasai saboda ciwon baya, fanka mai kukan tsiya, sai kwamfutar da ba ta yarda kowa ya taɓa. Masu ba ta aiki ba su san fuskarta ba, ita ma yawancinsu ba ta san tasu ba. Murya ta zo ta waya, aiki ya koma ta waya. Hakan kuwa ya yi mata daidai, don tun tana ƙarama ba ta son taro. Maƙwabta dai sun gama yanke hukunci cewa zaman banza take yi tana kallon fim.

Da ta ɗaga kai don ta huta da ido, sai ta hango wani mutum ta tsakanin labule. Yana tsaye a inuwar shagon da ke fuskantar gidansu, dogo ne, da baƙar riga. Ya dubi wayarsa, ya dubi ƙofarsu, ya sake duban wayar. Ta ɗauka cikin masu kai saƙo ne da suka ɓata hanya, ta koma kan maɓallinta.

"Ma'aikaciya, shugaba zai fita. Ba rakiya?"

Baba ne a bakin ƙofa, ya ci ado da shuɗiyar rigar nan tasa ta fita unguwa da hularta. Tsohon mai gyaran agogo ne, ya bar sana'ar ne da idanunsa suka fara hazo. Yau ce ranar ganin likitan ido.

"Ranka ya daɗe, shugaba," in ji Auta tana dariya. "Wallahi Baba da zan raka ka, matar nan ce ta sa ni a gaba. Ko in kira Yaya?"

"Ki bar yayarki da 'ya'yanta. Mota ce za ta kai ni har ƙofar asibiti, ta dawo da ni bakin layi."

"Ai likita ya ce in an ɗiga maka maganin nan ba za ka ga hanya sosai ba."

"Yo dā ganinta nake yi?" Ya yi dariya. "Zauna ki yi aikinki. Mu shugabanni ba a riƙe mana hannu."

Wannan wasa na shugaba ya daɗe a gidan, kuma daga teburin Auta ya samo asali. Watanni da suka wuce wani mutum ya ba ta aikin shafin kamfaninsa, na sama wa matasa aiki a ƙasashen waje. Mutum mai sanyin murya, ba ya gardama, ba ya neman ja mai natsuwa. Sai dai bai turo hotuna ba, bai turo adireshi ba, kullum sai ya ce suna nan tafe. To masu wannan sana'a ba sa nuna wa mai aiki shafi da ramuka. Duk gurbin da babu kayansa, sai a cike shi da na aro, don a ga yadda zai zauna, daga baya a musanya. Wasu hotunan Turawa masu haƙora suke kwasowa su liƙa. Auta ba ta son wannan, tana ganin ƙyuya ce. Sai ta ɗauko hoton Baba da ta yi masa a tsakar gida cikin shuɗiyar rigar nan, ta sa a gurbin shugaban kamfani. Da ta zo gwada taswira kuwa, adireshin da ta fi sani ta buga, na gidansu. Ta kira Baba ta nuna masa, ya kawo fuska dab da gilashin, ya yi ta dariya har da tari. Mai sanyin murya ya karɓi aikinsa, ya yaba, ya ce yaransa za su sauya sauran. Ita kuma ta wuce ga aiki na gaba, ba ta sake waiwayar shafin ba.

Ta ji ƙarar rufe ƙofar gida. Ta taga ta ga Baba ya miƙe layi a hankali, yana ɗaga wa mai shago hannu. Mai baƙar riga ya ɗaga wayarsa daidai fuska, ya dubi bayan Baba, ya sauke wayar. Can sai ya bar inuwar ya bi hanyar da Baba ya bi. Ta ce wa kanta hanya ai ta kowa ce. Saƙon mai takalma ya sake shigowa, ta saka abin sauraro a kunne.

Hantsi ya yi, aka ɗauke wuta, fanka ta yi shiru. A cikin shirun nan ne ta ji ana buga ƙofa. Ba da ƙarfi ba, amma ba a dainawa.

Ta yafa mayafi ta je ta buɗe kaɗan. Wata dattijuwa ce, da jaka a hammata, ƙafafunta sun yi futu-futu kamar wadda ta sha tafiya. Suka gaisa.

"'Yata, nan ne ofishin?"

"Wane ofishi, Inna? Nan gida ne."

"Ofishin masu kai yara aiki."

"A'a, kin yi ɓatan kai. Ko layin baya kike nema?"

Matar ba ta yi musu ba. Ta zuge jaka ta fito da waya mai tsagaggen gilashi, ta latsa da yatsa ɗaya, ta miƙo. Auta ta gane aikinta tun kafin ta karanta komai. Koren nan ita ta zaɓa, rubutun ita ta jera. Matar ta ja shafin sama, sai ga Baba yana murmushi, a ƙarƙashinsa an rubuta "Shugaban kamfani". Ta sake ja, ga taswira, jan ɗigo zaune daram a kan rufin gidansu. Ko harafi ɗaya ba a sauya ba.

"Ɗana mai gyaran firji ne," in ji matar. "Yana da sana'arsa, ba ya zaman banza. Ya ga wannan abu ya ce zai je ya gwada. Na ce ban yarda ba. Ya yi ta lallashi, na ƙi. Ran nan sai ya kawo mini wayarsa ya ce, Inna, dubi mai wurin. Na duba na ga dattijo, na ce wannan fuskar ba ta cuta. Ni da bakina na ce masa je ka." Ta gyara jakar. "Sau ɗaya ya kira ni daga hanya, ya ce sun karɓe musu takardu wai za a buga hatimi. Daga nan ban sake jin muryarsa ba. Lambobin nan duk mun kira, a kashe suke. Wannan ɗigon kaɗai ya rage mana."

"Mana?"

"Ai ba ni kaɗai ba ce. Mun haɗu a waya, muna da yawa. Yau muka sa za mu zo. Ni dai na riga su ne, ni da wani da ƙaninsa ya tafi, shi tun da sassafe ya ce zai zo ya duba wurin."

Auta ta san abin da ya kamata ta faɗa. Yana nan a kan harshenta. Amma tsoro ya riga shi fitowa.

"Inna, ban san komai a kai ba. Kuskure ne. Nan gida ne."

"Dattijon nan fa? Ba a nan yake ba?"

"Ban san komai ba," ta sake cewa, ta tura ƙofar ta zura sakata. Ta tsaya a bayanta tana saurare. Ba ta ji takun tafiya ba. Abin da ta ji shi ne nishin tsohuwa tana zama a kan dakalin ƙofa.

Da gudu ta koma ɗaki. Ta buɗe ƙofar baya ta shafin, inda ake shiga a yi gyara, ta buga kalmar sirrinta. Aka ce ba daidai ba. Ta sake bugawa a hankali, harafi bayan harafi. Ba daidai ba. Wato kalmar sirri kam an tuna an sauya ta. Hoton da taswirar ne aka bari.

Ta kira Baba. Wayar ta shiga, sai ta ji tana ringi a ɗakinsa, a kan tagar da yake sa ta caji. Kai, Baba! Sau nawa za a faɗa maka? Ta zauna a bakin gado ta dafe kai, sannan ta lalubo lambar mai sanyin murya, wadda suka yi aiki da ita, ba irin waɗanda ke kan shafin ba. Ba ta sa rai za ta shiga ba. Bugu biyu aka ɗauka.

"A'a, mai zane! Kwana da yawa. Ya aiki?"

"Malam, hoton mahaifina yana kan shafinka. Da adireshin gidanmu. Ka ce za a sauya."

"Haka na ce?" Ya yi 'yar dariya. "Aikin ne ya yi kyau, na ga ba sai an taɓa ba. Dattijon nan yana da kwarjini, mutane suna son sa."

"Akwai mata a ƙofarmu tana neman ɗanta. Ina kuka kai shi?"

"Mu muna haɗa mutane da aiki ne kawai. Abin da ya biyo baya, tsakaninsu da masu aikin ne." Muryar ba ta tashi ba, ba ta sauka ba. "Ki ce musu kuskure ne, za su gaji su tafi. Kada ki ba kowa lambar nan. Kin san a ƙasan kowane shafi an rubuta Zanen Auta, ko? In aka fara tambaya, daga nan za a fara."

"Zan kai ka ƙara."

"Ba za ki kai ba. Ke yarinya ce mai hankali. Kuma na san gidan, ai ke kika sa mini shi a taswira." Ya ɗan dakata. "Ya idon Baba? Kin taɓa ce mini kina kai shi asibiti. Ki gaishe shi."

Ya kashe. Auta ta zauna da wayar a hannu. Sau ɗaya ta taɓa ambata masa asibitin, ranar da ta makara da aiki tana ba shi haƙuri. Ashe ajiyewa ya yi.

Ta ɗaga gefen labule. Yanzu ba tsohuwar kaɗai ba ce. Mata uku sun zauna a jikin katangarsu, wani dattijo da sanda yana magana da mai shago, samari biyu sun jingina da babur. Ba wanda ke ɗaga murya. Kowa da waya a hannu, kuma a kan wadda ta fi kusa da taga ta hango koren nan nata. Mai shago ya nuna ƙofarsu da haɓa, ya yi wata magana, dattijon ya gyaɗa kai. Mai baƙar riga ne kawai ba ta gani ba, kuma rashin ganinsa ya fi komai tsorata ta.

Ta kira Yaya, ta kwashe komai ta faɗa mata, maganar tana sarƙewa.

"Innalillahi! Auta, hoton Baba? Duk hotunan duniya ba ki ga na sawa ba sai na Baba?"

"Na aro ne, Yaya, kowa haka yake yi kafin..."

"Kowa da hoton ubansa yake yi? Yanzu yana ina?"

"Asibiti. Ya bar wayarsa."

"Shi kaɗai? Kika bar shi ya tafi shi kaɗai?" Yaya ta sauke numfashi. "Bari in kira baban yara ya bar wurin aiki ya bi ta asibitin, in ya same shi ya wuto da shi nan. Ke kuma kada ki buɗe wa kowa. Kuma ki goge abin nan. Ba ke kika yi shi ba? Ki goge shi yanzu-yanzu!"

"Sun sauya kalmar..." Sai ta tsaya. "Yaya, zan kira ki."

Ta tuna wani abu. Mai sanyin murya ya ce mata tun farko shi bai san kan waɗannan abubuwa ba, ta yi masa komai. Don haka a ma'ajiyar da take haya a intanet ta ɗora shafin, wuri ɗaya da na mai takalma da na wata makaranta da sauran ayyukanta. Ƙofar gyara ya kulle, amma filin da aka gina shafin a kai nata ne. Ta shiga. Ga shi nan a jere cikin sauran, lafiya lau, kamar kowane aikin halal.

Batirin kwamfutar ya yi ja. Ba ta tsaya dogon tunani ba. Shekarun da ta yi a sana'ar nan abu ɗaya suka koya wa hannunta: in an ga ɓaraka, a rufe ta tukuna kafin mutane su gani, bayani ya biyo baya. Ta kwafe komai ta ajiye a kwamfutarta, ta zaɓi shafin, ta danna saukewa. Aka tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata. Ta buɗe adireshin a wayarta, fari fat, babu Baba, babu ɗigo. Ta sauke ajiyar zuciya, har ta ji hawaye ya zo mata.

Jin daɗin bai kai ko'ina ba. Daga waje wani saurayi ya ce, "Kai! Ya ɓace!"

"Me ya ɓace?"

"Shafin! Duba naka!"

Ta ji muryoyi suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Nawa ma. Nawa ma babu. Yanzu-yanzun nan nake kallonsa. Sai wata mata ta ɗaga murya har ta fashe: "Suna ciki! Sun gan mu ne suka cire! Wallahi suna ciki suna kallonmu!"

Auta ta saki labulen kamar ya ƙone ta. Wayyo, me ta yi? Watanni shafin yana nan ba wanda ya taɓa shi, sai yau da suka zauna a ƙofar gidan ya ɓace. Ko ita ce a waje abin da za ta ce ke nan. Da hannunta ta gaya musu cewa sun zo daidai wurin. Hoton kuwa da ta ce ta ɓoye, ai tuni kowa ya ɗauke shi ya ajiye a wayarsa.

Aka fara dukan ƙofa, wannan karon da tafin hannu, ƙarfen yana amsawa har tsakar gida. Wani ya ce a fito da tsohon. Wani ya ce a kira 'yan sanda, wani ya ce 'yan sandan me, an kai musu tun yaushe. Ta ji muryar mai shago yana cewa, "Ku bi a hankali, ni dai na san shi da gyaran agogo," wani ya katse shi: "To 'yar fa? Kai ka ce kullum tana ɗaki da kwamfuta!"

Sai muryar tsohuwar nan ta dakali, ba da ƙarfi ba: "Ku bar dukan ƙofar. Yarinya ce a ciki, na gan ta. Shi tsohon ya fita. Duk inda ya je, nan zai dawo."

Dukan ya tsaya.

Azahar ta wuce. Wuta ta dawo, fanka ta ci gaba da kukanta, Auta ta tashi ta kashe ta don kada a ji. Mai takalma ta turo saƙo cewa ta yi tunani, jan farkon nan ya fi. Auta ta kalli saƙon kamar daga wata duniya ya zo. Ba ta ci komai ba tun shayin safe, kuma ba ta jin yunwa. Ta jona kwamfutar a caji, ta buɗe tsoffin saƙonnin mai sanyin murya. Duk suna nan cikin muryarsa, don ba ta goge maganar mai aiki, saboda masu cewa ba haka na ce ba. Ga inda ya ce hotuna suna nan tafe. Ga inda ya ce yaransa za su sauya sauran. Ga lambar da har yanzu take shiga, wadda duk mutanen da ke waje ba mai ita. Ta san abin da ke hannunta. Ta kuma san wanda ya ce ya san gidan.

Yaya ta kira. "Baban yara ya je asibitin, sun ce an gama da shi tun ɗazu, ya tafi. Wai wani ne ma ya riƙe masa hannu suka fita. Wa kika tura?"

"Ban tura kowa ba."

Auta ta dubi inuwar shagon, inda mai baƙar riga ya tsaya da safe.

"Baban yara yana hanya, zai biya ta ofishin 'yan sanda," in ji Yaya. "Amma kin san cunkoson hanyar nan. Auta, ko me za a yi, kada ki fita. Kin ji ni?"

Ta ce ta ji. Ta koma jikin taga ta tsaya, ido a kan bakin layi inda motoci ke sauke mutane. Taron ya ƙaru, har da 'yan kallo na unguwa. Wata mata ta rungume hoton wata budurwa a ƙirji. Wani saurayi yana zaune a kan babur yana jujjuya wani guntun ƙarfe a hannu, ba ya kallon kowa.

Shuɗiyar rigar ta fara hangowa. Baba yana tafe a hankali, ya kare idanunsa da hannu ɗaya saboda rana, kansa a sunkuye. Ɗaya hannun kuwa yana cikin hannun mai baƙar riga, wanda ya riƙe shi a damtse. Baba yana ta zuba masa hira, har yana dariya. Mutumin ba ya dariya.

Waɗanda ke zaune suka miƙe. Ba wanda ya yi ihu. Wayoyi suka ɗaga, ana duban hoto ana duban mai hoto, riga ɗaya, hula ɗaya. Na kan babur ya sauko.

Auta ba ta san lokacin da ta zare igiyar cajin kwamfutar ba. Ta rungumi kwamfutar a buɗe, ta saka wayarta a kai, ta fita tsakar gida ba takalmi. A bakin ƙofa ta tsaya, hannunta a kan sakata. Ta ji muryar Baba dab da gidan, cike da fara'a.

"Ikon Allah, yau baƙi muka yi haka? Lafiya dai ko? Ku yi haƙuri, an ɗiga mini magani, inuwarku kawai nake gani. Wannan yaron kirki ne ya taimake ni tun daga asibiti, ko sunansa bai faɗa mini ba. Ɗana, mun iso, nan ne gidan. Sake ni haka, Allah ya yi maka albarka."

"Ina ƙanina?" in ji mai baƙar riga.

"Na'am?"

"Kai ne shugaba?"

Baba ya yi dariya, dariyar nan tasa ta tsakar gida. "Au, har ku ma labarin ya kai muku? Ai ni ne shu..."

Ta zare sakatar da ƙarfi har ƙarfen ya yi ƙara, ta buɗe ƙofar gaba ɗaya. Rana ta dake ta a fuska. Ba ta taɓa tsayawa a gaban mutane masu yawa haka ba, kuma da ta buɗe baki muryar da ta fito ƙarama ce.

"Ba shi ba ne. Agogo yake gyarawa. Ko rubutun waya ba ya iya gani." Ta ɗaga murya. "Ni na zana shafin. Ni na sa hotonsa, ni na sa gidan nan, ni kuma na sauke shi ɗazu. Wanda ya ba ni aikin ban taɓa ganinsa ba, amma ina da muryarsa, ina da lambar da yake ɗauka. Yau ma na yi magana da shi. Duk ga su nan."

"Auta?" in ji Baba, yana juya kai yana neman inda take. "Me ake ciki ne?"

Tsohuwar da ke kan dakali, wadda ita kaɗai ba ta miƙe ba, ta ɗago ta dube ta tun daga ƙafa har fuska.

"Ɗazu kin ce ba ki san komai ba."

"Na faɗa, Inna."

Matar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ɗauke jakarta daga kan dakalin ta ɗora a cinya, ta matsa gefe.

"Zauna. Kunna mini muryar in ji."

Auta ta zauna, ta ɗora kwamfutar a gwiwa. Wayarta ta yi haske, lambar mai sanyin murya ce ke kira. Ta bar ta tana ringi a fili inda kowa ke gani. Mai baƙar riga bai saki damtsen Baba ba tukuna, amma ya daina kallonsa. Duk sun daina kallonsa. Ita suke kallo.